Randa Ba Ta Tsagewa Banza: Darasi Daga Maginan Yumɓu Na Ƙasar Yako

Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mun saba jawo wannan karin magana idan ana batun rikicin gida ko na siyasa, har mun manta cewa wanda ya fara faɗarsa bango na gaske ya duba, bangon ƙasa, kuma ya san abin da ke tsaga shi. A yau ina so in bar ƙadangaren ya huta, in yi magana a kan tsagewar kanta: me ya sa babban abin da aka gina da ɗanyen yumɓu yake tsagewa a hannun wani, amma ba ya tsagewa a hannun wani? Mai karatu zai iya ganin kamar tambayar ba ta kai ta kawo ba, a lokacin da al'umma ke fama da tsadar rayuwa da rashin tsaro. To amma ina roƙon a yi mini haƙuri har ƙarshe, domin amsar tana hannun wasu tsofaffi ne da ke ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, mu kuwa da muke kiran kanmu 'yan boko ba mu rubuta ta ba.

Abin da ya jawo wannan rubutu shi ne wani ɗan yayana da ke karatun zane da sarrafa yumɓu a wata babbar makaranta. An ba shi aikin kammala karatu, sai ya zaɓi ya gina wata ƙatuwar tukunyar ado mai tsawon kusan mita guda. Sau uku yana ginawa, sau uku tana watsa masa ƙasa a ido. Ta farko ta dare tun daga baki har kafaɗa kwana biyu da gamawa. Ta biyu gindinta ne ya tsage. Ta uku ta bushe lafiya lau, sai da ta shiga wuta ta tarwatse, har ta ɓata ayyukan abokan karatunsa da aka gasa tare. Yaro ya dawo gida jiki a sanyaye, yana cewa ko dai yumɓun ne ba shi da kyau, ko kuma da sa hannu a cikin lamarin.

A daidai wannan lokaci ina shirin tafiya Yako, a ƙaramar hukumar Kiru, domin wani aiki da na daɗe ina yi na tattara kalmomin sana'o'in gargajiya a kudancin Kano, tun daga Bebeji da Kiru har Tudun Wada da Doguwa. Sai na ce masa ya biyo ni ko ya sarara. A wani ƙauye kusa da Yako aka haɗa mu da wata tsohuwa maginiya, wadda randunan gidaje da yawa na wannan yanki aikin hannunta ne. Bayan mun gaisa, na karanta mata matsalar yaron. Ba ta nemi ganin hoton da ya ɗauka a wayarsa ba. Tambaya uku kawai ta yi masa: da me ya gauraya yumɓun, kwana nawa ya yi yana ginin, kuma a ina ya ajiye tukunyar ta bushe? Ya ce, “Iya, ban gauraya shi da komai ba, tace shi ma na yi. A yini ɗaya na gama, na kuma ajiye ta bakin taga don ta sha iska.” Tsohuwa ta yi dariya har da tafa hannu, ta dube ni ta ce wai ashe ɗan nan da kansa ya fasa tukunyarsa tun kafin ta bushe.

Na daɗe ina juya wannan magana tata a zuciyata, domin da na koma ga littattafan masana kimiyyar yumɓu, sai na tarar duk abin da suka rubuta yana cikin tambayoyin nan uku.

Me ke kawo tsagewa?

Yumɓu tarin ƙananan ƙwayoyi ne masu faɗi kamar ɓawon kifi, waɗanda ido ba ya iya gani. Idan aka kwaɓa shi, ruwa kan shiga tsakanin ƙwayoyin, ya sa su riƙa zamewa a kan juna, shi ya sa yake sarrafuwa a hannu. Idan ruwan ya fara fita kuwa, sai ƙwayoyin su matso kusa da juna, abin da aka gina ya tsuke. Yumɓu mai danƙo sosai yakan rage da kamar kashi 5 zuwa 8 cikin 100 na tsawonsa kafin ya gama bushewa. A ƙaramin kasko wannan ba wani abu ba ne. Amma a ɗauka randa ce mai tsawon mita ɗaya, yumɓunta kuma yana tsukewa da kashi 6 cikin 100: ke nan santimita shida za ta rage, kusan faɗin yatsu huɗu.

Tsukewar ba ita ce matsalar ba, domin da dukkan jikin randar zai tsuke lokaci guda, da babu abin da zai same ta. Matsalar tana zuwa ne idan wani sashe ya riga wani bushewa. Baki siriri ne, iska na kaɗa shi ta ciki da waje, don haka shi ke fara bushewa, ya nemi ya tsuke. Gindi mai kauri ne, yana zaune a ƙasa, ruwansa bai fita ba, don haka ya ƙi motsi. Wannan na ja, wancan na turjewa, busasshen yumɓu kuwa ba roba ba ne balle ya miƙe. Sai ya tsage a inda ya fi rauni. Duk dabarar magini, daga Yako har ƙasar Sin, a kan abu guda take: yadda zai sa babban jiki ya tsuke tare.

Dabara ta farko: gauraye

Abin da ya fara ba ɗan yayana mamaki shi ne ganin tsohuwar tana daka tsingaron fasassun tukwane a turmi, tana tankaɗewa, tana zubawa a cikin yumɓun da ta jiƙa tun kwanaki. Shi a tunaninsa tsabtataccen yumɓu mai laushi shi ne mai kyau. Ita kuwa ta ce yumɓu zalla ba ya ɗaukar girma, sai an sa masa ƙashi. Hikimar a fili take. Tsingaro ya riga ya sha wuta, ba zai sake tsukewa ba, don haka duk yawansa a cikin kwaɓi, haka tsukewar za ta ragu. Sannan tsakuwoyinsa suna buɗe ƙananan hanyoyi da ruwan can ciki zai bi ya fita, maimakon fatar waje ta bushe ta kulle shi. Bugu da ƙari, idan wata 'yar tsaga ta taso, sai ta ci karo da tsakuwa ta tsaya. Wasu maginan yashi suke sawa, wasu ƙaiƙayi, wasu busasshen kashin jaki, gwargwadon halin ƙasarsu. Manyan masu sassaƙa da yumɓu na Turai da Amurka ma abin da suke yi ke nan, sai dai su a buhu suke sayen garin tsingaron daga masana'anta.

Ba a auna gaurayen da mudu. Tsohuwar takan murza ɗan kwaɓin ya yi kamar igiya, ta naɗe shi a yatsa. Idan ya karye, ƙashi ya yi yawa. Idan ya naɗu sumul yana manne wa hannu, da saura. Ana son ya naɗu da 'yan ƙananan tsage-tsage a bayansa. Bayan haka sai cuɗa, da ƙafa da hannu, har sai kwaɓin ya zama jiki ɗaya, babu inda ya fi wani ruwa.

Dabara ta biyu: kauri ɗaya da ciki fanko

Babban abu na yumɓu ba ya yiwuwa a dunƙule. Curi mai kauri, bayansa zai bushe cikinsa yana jiƙe har tsawon makonni. Saboda haka ne masu wannan aiki suke gargaɗi da kada kaurin jikin abu ya wuce kamar santimita biyu da rabi, kuma ya kasance daidai ko'ina. Na ga yadda tsohuwar ke fara gindin randa: ta shimfiɗa yumɓu a bayan wata tsohuwar tukunya da ta kife, ta barbaɗa toka don kada ya manne, tana bugunsa da dundunge, wato ɗan madakin nan na gasasshen yumɓu, har ya yi kauri ɗaya. Bugun yana matse ƙwayoyin wuri guda, yana ƙara wa gindin ƙwari. Abin lura kuma shi ne, ba ta barin gindin ya bushe a kan tukunyar da ta kife. Da zarar ya tsane ya iya tsayawa da kansa sai ta cire shi, domin yumɓu zai tsuke, tukunyar da ke ƙarƙashinsa ba za ta tsuke ba. Nan ɗan yayana ya kama baki, domin a tukunyarsa ta biyu wani bokitin ƙarfe ya sa a ciki don ya tallafi gindin, ya bar shi har ta bushe.

Dabara ta uku: hawa-hawa

Ɗanyen yumɓu ba ya iya ɗaukar nauyin kansa. Idan aka ɗora da yawa a lokaci guda, na ƙasa zai lotsa. Idan kuma aka bari na ƙasa ya ƙeƙashe kafin a ɗora, sabon ba zai kama tsohon ba, sai wurin haɗin ya zama layin da za ta dare daga baya. Tsakanin waɗannan biyun akwai wani hali da yumɓu ke shiga, bai bushe ba, bai kuma zama ɗanye sharaf ba, kamar jemammiyar fata. Tsohuwar takan ɗora 'yan zagaye kaɗan na murzajjen yumɓu, ta lailaye su ciki da waje har su zama jiki ɗaya, ta rufe bakin da jiƙaƙƙen tsumma, ta tafi wata hidimar. Idan ta dawo, ƙasan ya yi ƙwari, bakin yana nan da danshinsa. Sai ta karce shi, ta shafa ruwan yumɓu, ta ci gaba. Babbar randa takan ɗauke ta kwanaki, amma da yake guda uku ko huɗu take tayarwa tare, tana zagayawa daga wannan zuwa waccan, ba ta zaman banza.

Dabara ta huɗu: inuwa

Mu da ba mu san sana'ar ba, muna zaton rana da iska su ne abokan mai ginin tukwane. A makon farko kuwa su ne manyan abokan gabarsa, musamman iskar hunturu da ke tsaga leɓe da dugadugan mutum, balle ɗanyen yumɓu. A cikin ɗaki tsohuwar ke busar da randunanta, nesa da ƙofa, a kan yashi, don gindin ya iya matsawa yayin da yake tsukewa. Takan lulluɓe bakin, ta riƙa juya randar don kada gefe ɗaya ya riƙa shan iska shi kaɗai, idan ta yi ƙwari kuma ta kife ta don gindin ya kamo baki. Sai launinta ya washe, an taɓa ba a ji sanyi a tafin hannu ba, sannan a fito da ita rana. Wannan sanyin da take ji da hannu kuwa ba camfi ba ne: muddin ruwa na fita daga jikin abu, to zai fi abin da ke kewaye da shi sanyi.

Saura wuta

Hausawa sun ce ɗanyen kasko ba ya kai ruwa ban ɗaki. Komai bushewar randa, idan ba ta sha wuta ba, ruwa zai mayar da ita laka. Amma wutar ma da nata tarkon. Ko busasshen yumɓu akwai sauran danshi a cikinsa. Ruwa na zama tururi a digiri 100 na ma'aunin Selsiyos, kuma idan ya zama tururi yakan nemi wurin da ya ninka nasa fiye da sau 1,500. Idan aka cinna wuta gaba ɗaya, tururin ba zai sami hanyar fita ba, sai ya fasa. Abin da ya sami tukunyar ɗan yayana ta uku ke nan. Shi ya sa maginiya ke fara gasa randa da ɗan garwashi ko tattakar ciyawa a cikinta, ta ɗumama ta sannu a hankali, kafin a jera ta a matoya a lulluɓe da kara da itace da busasshen kashin shanu.

Daga wajen digiri 450 zuwa 600, ruwan da ke ɗaure a cikin ƙwayoyin yumɓun kansu yake fita, daga nan ne laka ke zama tukunya, ba ta kuma komawa. A digiri 573 kuma ƙwayoyin ƙanƙarar dutse da ke cikin yashi sukan kumbura farat ɗaya, idan wuta na sauka su sake tsukewa a daidai wannan mataki. Saboda haka sanyaya tukunya da gaggawa ma yana tsaga ta. Tsohuwar ba ta taɓa jin wannan lissafi ba, amma ba ta yarda a taɓa manyan randuna sai toka ta huce. Mai saye kuma ya san nasa gwajin: ya ƙwanƙwasa da yatsa, idan ya ji amo garau lafiya lau, idan ya ji dum, akwai ɓoyayyiyar tsaga.

Daga randa zuwa rufewa

Wannan ilimi bai tsaya ga tukwane ba. Duk wanda ya ratsa ƙauyukan kudancin Kano, inda ake noma masara da dawa da shinkafa, ya ga rufewa, wato rumbun ƙasa, wadda a gaskiya wata ƙatuwar randa ce da ba a gasa ba. A kan duwatsu ake ɗora ta don damshi da gara. Ana kwaɓa ƙasarta da ramno, wato yankakkiyar ciyawa, a bar kwaɓin ya kwana ya tsima. Ciyawar tana riƙe ƙasar kamar yadda rodi ke riƙe kankare. Ana gina ta zagaye-zagaye, yau a ɗora kaɗan, a bari ya sha iska, gobe a ƙara. Haka magabata suka yi soraye da tubali da azara, suka yi musu yaɓe da makuba da laso. Babban misali shi ne Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, a shekarun 1830, da bakan gizonsa na ƙasa da ya ba masana gine-gine na duniya mamaki, har aka yi kwatankwacinsa a gidan adana gine-ginen gargajiya da ke Jos.

Ilimin ya girmi Zariya ma. A shekarar 1928 masu haƙar kuza suka tono wani gasasshen yumɓu mai siffa a kusa da ƙauyen Nok, a kudancin jihar Kaduna ta yau, daga baya a shekarun 1940 Bernard Fagg ya gane cewa wata tsohuwar al'umma ce ta bar su. Waɗannan siffofi sun haura shekara 2,000. Ba ina magana ne a kan abin da masu su suka yi imani da shi ba, wannan wani zance ne daban. Abin da ya shafe mu shi ne aikin hannun: cikinsu fanko ne, yumɓunsu cike yake da tsakuwa, hawa-hawa aka gina su, kuma masana na ganin hujojin da aka yi a ido da hanci da baki sun taimaka wa tururi ya fita lokacin gashi. Haka nan dubban sojojin yumɓu da manoma suka ci karo da su a 1974 suna haƙar rijiya kusa da birnin Shiyan na ƙasar Sin, waɗanda aka binne tare da sarkin da ya rasu shekara 210 kafin haihuwar Annabi Isa, Alaihis Salam: gangar jikinsu fanko ce, zagaye-zagaye aka gina ta, kawunansu kuma daban aka yi aka ɗora. Mutanen da ba su taɓa jin labarin juna ba, yumɓu ya koya musu darasi ɗaya.

Wanda ke son hujja ta kusa, ya duba aljihunsa. A bayan takardar Naira 20 akwai hoton Ladi Kwali, Bagwariyar da ta koyi ginin tukwane a gida, ta shiga cibiyar koyar da sarrafa yumɓu da Michael Cardew ya kafa a Abuja ta da, wato Suleja, a 1954. Manyan tulunanta da hannu ta gina su, ba da injin juyi ba, sun kuma shiga gidajen tarihi na Turai da Amurka. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984. Abin takaici shi ne mun karrama mutum ɗaya, mun bar dubban 'yan'uwanta a ƙauyuka ana yi musu kallon waɗanda ba su san komai ba.

Abin da harshe ya adana

A matsayina na ɗalibin ilimin harshe, abin da ya fi jan hankalina shi ne cewa Hausa da kanta ta ajiye wannan darasi. Bature a harshensa yakan ce ya “jefa” tukunya, domin a kan injin juyi yake yin ta cikin mintoci. Bahaushe kuwa “gina” tukunya yake yi, da kalmar da yake gina ɗaki da ganuwa, har ma da rijiya. Gini kuwa an san ba a yin sa a yini ɗaya. Dubi kuma yadda muka bambanta tsanewa da shan iska da bushewa da ƙeƙashewa, kowace mataki ce da magini ke jira. Dubi tsagewa da darewa da lotsawa da fashewa da tarwatsewa, kowace da irin cutar da take nunawa da kuma dalilinta. Wannan ƙamus ne na kimiyya, a bakin mutanen da ba su taɓa riƙe alƙalami ba.

Amma ƙamusun yana yagewa. A tafiyar nan na tambayi matasa da dama ma'anar dundunge da ramno da laso, har da 'ya'yan gidajen magina, kaɗan ne suka sani. Gaskiya ne ƙamusun Bargery na 1934 da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 sun taskace kalmomin sana'o'i masu yawa. To amma ƙamus zai gaya maka sunan abu ne kawai, ba zai gaya maka yaushe ake cire gindin randa daga kan tukunya ba. Tsohuwar ta shaida mini cewa a cikin jikokinta babu mai sha'awar koyo, domin a cewarsu aikin ƙazanta ne, kuma babu kuɗi.

Ba zan yaudari mai karatu ba, jikokin nata suna da hujja. Robar ruwa ta fi randa sauƙin ɗauka, ba ta fashewa da wuri. Randar da kowa ke tsoma moɗa a cikinta tana iya yaɗa cuta. Gashin tukwane yana cin itace, a lokacin da ko dajin Falgore bai tsira daga masu gatari ba. Duk wannan haka ne. Sai dai kowace daga cikin matsalolin nan gyara take nema. Ana iya ƙuntata bakin randa a sa mata murfi da famfo. Ana iya gina matoya mai rufi da za ta rage cin makamashi. Kuma akwai abin da roba ba za ta taɓa yi ba: ruwan da ke tsattsafowa ta jikin randa yana ƙafewa, ya tafi da zafi, ya bar na ciki da sanyi, ba tare da lantarki ba. Da wannan hikima ce marigayi Muhammad Bah Abba, malamin makaranta a jihar Jigawa, ya yaɗa dabarar sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. A ƙasar da wutar lantarki ba ta wadaci birni ba balle ƙauye, manomin tumatir na gefen madatsar Tiga ya fi kowa bukatar wanda ya iya gina babbar tukunya da ba za ta tsage ba.

Ina mafita?

Shawarata ta farko ga abokan aikina malaman jami'a. Sassan Hausa da na sarrafa yumɓu, kamar wanda ke Jami'ar Ahmadu Bello, su daina aiki kowa a ɗakinsa. A tura ɗalibai biyu-biyu, mai nazarin harshe da mai nazarin yumɓu, su zauna da magina, su ɗauki murya da hoton bidiyo na kowane mataki, su auna abin da tsofaffi ke aunawa da yatsa, a rubuta shi da Hausa. Ta biyu, makarantun fasaha su riƙa gayyato gwanayen magina su koyar, a biya su haƙƙinsu kamar yadda ake biyan kowane malami, a kuma rubuta sunayensu a kan aikin. Ta uku, ƙananan hukumomin Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa, idan sun tashi rabon kayan sana'a ga mata da matasa, kada su tsaya ga keken ɗinki da injin markaɗe, su tuna da matoya ta zamani ga masu ginin tukwane. Ta huɗu kuwa gare mu ce, mu masu albashi: mu sayi randa, mu ajiye a gida, kuma mu daina taya ta kamar muna yi wa mai ita alfarma.

Ɗan yayana dai mako guda ya ƙara a ƙauyen bayan na dawo, yana daka tsingaro yana cuɗa laka. Da ya koma makaranta ya sake tayar da tukunyarsa karo na huɗu. Kwana shida ya yi yana gini, ta yi mako uku a lulluɓe a kusurwar ɗaki, abokansa suna yi masa tsiya wai ya ajiye amarya a lalle. Ta fito daga wuta lafiya, an ƙwanƙwasa ta ba da amo. Da zai rubuta rahoton aikin sai ya zo yana tambayata yadda zai sa tsohuwar a jerin madogara, tunda ba ta wallafa littafi ba. Na ce masa ya sa ta a farko, ya rubuta ranar da suka yi hira da garin da aka yi. Allah Ya ba mu ikon rubuta abin da ke hannun irinta tun suna raye, amin.